Lugaimat irin na basɗa: me ya sa nawa yake komawa fanke?

Uwar Tagwaye, Jidda

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Tambayata a kan lugaimat ne, ƙananan dunƙulen fulawar nan da ake soyawa a mai, irin wanda ake sayarwa a basɗa, wato teburan masu saye da sayarwa na bakin hanya, da azumi, kamar na cikin Balad, tsohon garin Jidda, ko na wuraren wasan yara ranar Idi. Nasu zagaye yake sumul, ja iri ɗaya ta kowane gefe, in aka ciza sai a ji garas, cikinsa kuma sakayau. Ko ya jima da shan shira, wato ruwan sukarin da ake tsoma shi a ciki, ba ya sakin jiki.

Ga yadda nake yin nawa. Fulawa kofi 4, sukari rabin kofi, ƙwai 1, yis babban cokali 1, madarar ruwa kofi 1, sai in ƙarasa da ruwan famfo har ya kwaɓu. Ina rufe shi awa biyu, in saka mai ya yi zafi sosai, in riƙa yanka da hannu. Yana yin ja nan da nan, amma ciki cunkus, wani lokaci har da ɗanye a tsakiya. Wasu sun ƙi juyawa sam, gefe ɗaya ja, ɗaya fari. Wasu suna fashewa su watso mai. In ya huce kuma sai ya yi laushi, shira ta jiƙa shi ya yi nauyi.

Don Allah ina son awo na gaske, da giram ko da kofi, da yadda ake gane zafin mai. Sannan in akwai wadda ta san yadda ake yin mai faɗin nan da ake barbaɗa wa sukari da kirfa a wuraren wasa, shi ma a taimaka. Allah Ya saka da alheri.

Hajiya Babba, Makka

Wa alaikumus salam 'yata. Kwaɓin da kika lissafa na fanke ne, kuma fanke mai kyau zai ba ki, amma ba zai taɓa yin garas ba ko a wane kasko kika soya shi. Abu uku ne suka tare hanya: sukarin nan rabin kofi, da ƙwai, da madara. Sukari yana riƙe ruwa a jikin ɓawo, sannan yana sa waje ya yi ja tun ciki bai gama nuna ba, dole ki kwashe da wuri. Ƙwai da madara kuwa aikinsu ke nan, kawo laushi. Zaƙin lugaimat daga shira yake zuwa bayan an gama suya. Shi kwaɓin in kika ɗanɗana lami za ki ji shi, sai ɗan gishiri.

Ga awon rabin kilo. Farar fulawa giram 500, wato kofi 4 in ba a danna ta ba. Fulawar Fakhir ko ta Kuwait duk suna yi, amma ban da burr, wato fulawar alkama da ba a cire wa dusa ba, dusar da ke cikinta tana sa shi nauyi. Nasha, wato farin garin masarar nan da ake yin muhallabiyya da shi, babban cokali 4. Yis na gari ƙaramin cokali 2 da rabi, wajen giram 7 zuwa 8. Sukari babban cokali 1 kacal, don yis ya samu abin ci. Gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe. Mai babban cokali 2. Ruwa mai ɗumi kofi 2, wajen mililita 480, ki kuma ajiye rabin kofi a gefe ko za a buƙata, don fulawa ba ta shan ruwa iri ɗaya. Wannan awon zai fitar miki da guda 80 zuwa 90 in kin yi su ƙanana. Mai son ƙamshi ya daka hel, wato kadamom, guda biyar ya zuba, ko ya jiƙa ɗan za'afaran a ruwan kwaɓin.

Nashar nan ita ce rabin maganar. Ba ta da danƙo irin na fulawa, saboda haka in ta soyu bushewa take yi ta yi ƙamas, ba ta yin tauri irin na roba. Amma kada a ga haka a ce bari a ƙara. In ta wuce cokali 5 a rabin kilo, ɓawon yana ƙagewa da wuri, tururi ya rasa hanyar fita, sai ki ji fas a cikin mai.

Ki kula da ruwan famfon da kika ce. A nan ƙasar tankin ruwa a saman gida yake, rana ta wuni a kansa, da zafi ruwan yana saukowa har hannu ba ya iya jurewa. Yis yana son ɗumin digiri 35 zuwa 40, yana fara wahala in an wuce 50, wajen 60 kuwa ya mutu. Ki tsoma yatsa: in kin ji ɗumi kaɗan kawai, ya yi. In kina shakkar yis ɗin, musamman wanda aka buɗe ledarsa ya daɗe a kicin, ki zuba shi a rabin kofin ruwan da sukarin, ki jira minti 10. In bai yi kumfa ya taso ba, ki zubar ki sayo sabo a bagala, wato shagon unguwa. Wanda aka buɗe a firji ake ajiye shi, a cikin abu mai murfi.

Ki haɗa busassun kayan ki juya, ki zuba ruwa da mai, sai bugu. Nan mutane suke gajiya, kuma nan aikin yake. Ki sa hannu ki riƙa ɗago kwaɓin kina maka shi a jikin roba, minti 8 zuwa 10, har gudaji su ɓace, ya yi sheƙi, ya fara bin hannu yana miƙewa. In da injin kwaɓi ne minti 5 ya isa. Yadda za ki gane kaurinsa: ki ɗebo da hannu ki ɗaga sama. Ya kamata ya sauko a hankali, a haɗe, yana jan jiki kafin ya tsinke. In ya zubo shar kamar ƙullin koko, ruwa ya yi yawa, zai baje a mai ya yi jela. In ya maƙale a hannu ya ƙi saukowa, ya yi tauri, shi ne mai cunkushewa a ciki da fashewa. Gyaransa cokali-cokali ne, na ruwa ko na fulawa, kina bugawa a tsakani.

Tashi kuma ba da agogo ake auna shi ba. Awa biyun da kike ba shi a zafin Jidda ta yi yawa ƙwarai. A kicin da babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, minti 35 zuwa 45 ya ninka. A ɗaki mai sanyi zai iya kai awa ɗaya da kwata. Abin dubawa shi ne ya ninka biyu, samansa ya yi ƙananan ƙofofi, in an girgiza robar ya yi rawa. In ya wuce haka ya faɗa tsakiya yana warin tsami, danƙon ya mutu, kuma irinsa ne yake shan mai. Da ya ninka ki buga shi da hannu sau uku ko huɗu ki fitar da manyan kumfa, ki ba shi minti 10, sai suya. Manyan kumfar nan in aka bar su, su ne suke taruwa a gefe ɗaya, gefen ya yi sakayau ya tsaya sama, ƙwallon ya ƙi juyawa.

Wajen yanka, ki damƙo kwaɓin da hannun hagu ki matse, ya ɓullo tsakanin babban yatsa da manuni, ki yanke da ƙaramin cokali. Cokalin a cikin kofin mai ake tsoma shi kowane yanka, ba a ruwa ba, don ɗigon ruwa shi ke watso mai a fuska. Girmansa kada ya wuce dabino ƙarami, ai zai kumbura. Wadda hannunta bai saba ba ta zuba kwaɓin a leda mai kauri, ta yanke kusurwa faɗin yatsa, tana matsowa tana datsewa da almakashin da aka shafa wa mai.

Masu basɗa sau biyu suke soyawa, shi ya sa nasu yake daɗewa da garas. Suyar farko a mai matsakaici, minti 3 zuwa 4, har ya kumbura ya tsaya da kansa, launinsa fari mai ɗan rawaya. A kwashe a baza a tire ya huce, aƙalla kwata ɗin awa. Yana hucewa danshin ciki yana fitowa jikin ɓawo. Suya ta biyu a mai da ya fi zafi, minti 2 zuwa 3, ita ke korar wannan danshin ta kawo ja. Da azumi wannan sauƙi ne babba: ki yi ta farko bayan la'asar, ta biyu saura minti 20 a kira magariba.

Uwar Tagwaye, Jidda

Na gode Hajiya, Allah Ya ƙara girma. To shirar fa? Tawa sukari da ruwa daidai-wa-daida nake yi, kuma da zafinta nake zuba lugaimat ɗin a ciki. Wani lokaci washegari sai in tarar ta koma sukari a ƙasan kwalba. Sannan ba ni da ma'aunin zafi, yaya zan gane matsakaicin mai da wanda ya fi zafi?

Baba Mai Kasko, Madina

Hajiya ta gama maganar kwaɓi, ba ni da abin ƙarawa a kai. Bari in ɗauki ta mai, 'yata, don abin da kika faɗa tun farko, cewa kina bari ya yi zafi sosai, shi kaɗai ya isa ya ba ki ja a waje da ɗanye a ciki ko da kwaɓinki daidai ne.

In za ki iya sayen ma'auni, ki saya, ba shi da tsada a shagunan kayan kicin. Suyar farko digiri 155 zuwa 160, ta biyu 180. In babu, kwaɓin kansa zai gaya miki. Ki jefa ɗan gutsure. In ya nutse ya zauna a ƙasa shiru, mai bai yi ba. In ya nutse ya taso kafin ki ƙirga uku zuwa huɗu, da ƙananan kumfa a hankali a gefensa, wannan shi ne na farko. In bai ma nutse ba, ya tsaya sama yana ƙara, kuma ya canza launi cikin rabin minti, wannan na biyu ne. In mai ya fara hayaƙi kuwa an wuce gona da iri, ki kashe wuta ki jira.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne zafin yana sauka da zarar an zuba kwaɓi. Mai kaɗan a kasko mara nauyi, kika jefa guda 25, ya faɗi ƙasa warwas, daga nan sai su yi ta shan mai. Ki samu kasko mai kauri mai zurfi, ki zuba mai ya kai tsayin santimita 6 zuwa 7, wajen lita ɗaya da rabi a kasko matsakaici, kada kuma ya wuce rabin kaskon. Ki cika kashi biyu cikin uku na fuskar man kawai, don su samu wurin yawo. Ga dabarar masu sana'a: kafin su fara yanka suna rage wuta can ƙasa, su jefa duk na zuwa ɗaya da sauri, sannan su ɗaga wutar. Ta haka na farko ba ya riga na ƙarshe soyuwa.

Maganar ƙin juyawa, ban da kumfar da Hajiya ta faɗa, hannu ne. Daga sa'ar da suka taso, matsami ba ya barin kasko. Ki riƙa zagaya su, kina danna su ƙasa da bayan matsamin, kina watsa musu mai ta sama. In kika bar su minti ɗaya ba motsi, ƙasa ta soyu ta yi nauyi, sama ta kumbura, ba za su ƙara juyuwa ba ko kin juya su da hannu, komawa za su yi. Wannan juyawar ba tsayawa ita ke ba su zagaye da launi ɗaya.

Irin mai: na masara ko na duwwar shams, wato sanfulawa, ko man gyaɗa tatacce. Man zaitun da samna, wato man shanu, ba na wannan aikin ba ne, suna da ƙamshi mai ƙarfi, ga tsada. Sabon mai fil yana jinkirin ba da launi, in aka haɗa shi da ludayi ɗaya na wanda aka taɓa soya fulawa a ciki ya fi saurin ja. Amma wanda aka soya kifi, kaza ko sambusa mai nama, kada ya kusanci lugaimat. Bayan suya ki bari ya huce, ki tace da kyalle ko rariya mai laushi, ki rufe a kwalba. Da ya yi duhu, ya yi kauri, ko yana kumfa da kansa, ya gama aiki.

In kin kwashe, a kwandon ƙarfe ko raga za ki tsane su, kada ki tara su a kwano mai zurfi ki rufe. Tururinsu da kansu zai jiƙa su. Ku mutanen Jidda ma ga danshin teku, abin da zai kwana da garas a nan Madina a wurinku awa uku ya saki.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki: in mai ya kama wuta, ba a zuba masa ruwa ko kaɗan. A kashe gas, a kifa murfin ƙarfe a kai, a bar shi a rufe har ya huce. In ta fi ƙarfi a fita da yara a kira 'yan kwana-kwana. Hannun kasko kuma kullum ya kalli bango, tunda tagwaye gare ki.

'Yar Gadarif

Salamu alaikum. Ni dai ina da ɗan ja a kan cewa laushi aibi ne. A wajenmu a Sudan zalabiyya ake ce masa, kuma matan da ke sayar da shayi a bakin hanya da sassafe ba sa saka nasha, ba sa soyawa sau biyu, ba sa tsoma shi a shira. Fulawa ce da yis da gishiri da ruwa, sukari cokali ɗaya ko biyu, a soya a man gyaɗa, a barbaɗa sukari a kai, a ci da shayi da madara tun yana da zafi. Gefensa yana da ɗan garas, ciki kuma da laushi da ɗan danƙo. Abu ne daban, kuma tsofaffi da yara sun fi jin daɗinsa. In shi kike so wata rana, ki cire nasha daga awon Hajiya, ki rage ruwa da cokali uku, ki yanka manya kaɗan, ki soya sau ɗaya a wuta matsakaiciya minti 5 zuwa 6.

Amma tambayarki ta shira ce, ga ta. Daidai-wa-daida ya yi ruwa, shi ke jiƙa shi. Sukari kofi 2, ruwa kofi 1. Ki juya a kan wuta har sukarin ya narke, daga nan ki cire cokali, kada ki ƙara juyawa. Da ya tafasa ki matsa lemun tsami ƙaramin cokali 1, ki rage wuta, ki bar shi minti 8 zuwa 10. Tsamin lemun shi ke hana shi komawa sukari a kwalba, juyawa bayan tafasa kuma ita ke jawo hakan, ita da ƙwayoyin sukarin da suke maƙalewa a jikin tukunya. Ki goge su da jiƙaƙƙen kyalle tun da wuri. Gwajinsa: ki ɗiga a faranti ya huce, ki taɓa da yatsa biyu ki buɗe, ki ga ɗan zare gajere ya tsinke. In zaren ya yi tsawo ya dahu da yawa, ki ƙara ruwan zafi cokali biyu ki mayar wuta minti ɗaya. Ruwan wardi ko hel bayan an sauke ake sakawa, in an tafasa da ruwan wardi ƙamshin tafiya yake.

Kuma ƙa'idar ita ce ɗaya da zafi, ɗaya da sanyi. Lugaimat daga kasko, shira kuma ta huce sarai, tun safe ma aka yi ta ko jiya. Ki tsane shi rabin minti, ki jefa a shira, ki juya, ki kwashe kafin minti ɗaya. Shira mai sanyi tana da kauri, tana tsayawa a jikin ɓawo ta yi sheƙi. Mai zafi kuwa ruwa ce, ratsawa take yi har ciki. Wanda zai yi da dibis na dabino ba sai ya tsoma ba, a yaryaɗa a sama lokacin da za a ci, a watsa soyayyen riɗi.

Anti Mai Girki, Ɗa'if

Ƙanwata, ba wanda ya taɓa miki mai faɗin, bari in yi. Shi ba ruwansa da bugu, kwaɓin burodi ne mai laushi da ake murzawa.

Fulawa giram 500, yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1 da ɗan ƙari, bota babban cokali 3 a narke, ruwa ko madara mai ɗumi mililita 300 zuwa 320. A nan madara ba laifi, don ana son tsakiyarsa da laushi. Ki murza minti 8 har ya daina kama hannu amma yana nan da taushi, ki shafa masa mai ki rufe ya ninka. A nan Ɗa'if da sanyi yakan ɗauki awa ɗaya da rabi, sai an kunna fitilar furun, wato oben, an saka shi ciki. Ku a Jidda rabin haka. Ki raba shi gida 10, kowanne wajen giram 90, ki mulmula, ki rufe su minti 15. Hutun nan dole ne. In kika ja shi ba hutu, zai riƙa tsukewa yana komawa, ki ƙare da abu mai kauri da ba zai nuna a ciki ba.

Da hannu ake miƙa shi, a kan tebur da aka shafa wa mai. Kada ki barbaɗa fulawa, tana zuba a kasko ta ƙone ta baƙanta mai, na ƙarshe su fito da ɗige-ɗige masu ɗaci. Ki danna tsakiya ki ja gefe-gefe har ya kai tsawon tafin hannu da rabi, kaurin tsakiya kamar rabin santimita, baki ya ɗan fi kauri. Sai ki tsaga tsakiyar da wuƙa sau biyu, ko ki huda da cokali mai yatsu. In ba ki tsaga ba zai kumbura ya zama ƙwarya, tsakiya ta ɗaga sama ba ta taɓa mai ba, ta fito fara.

Zafinsa ya fi na lugaimat, digiri 185 zuwa 190, don siriri ne, so ake ya soyu kafin ya sha mai. Mai santimita 3 a kasko mai faɗi ya isa. Ki kwantar da shi a hankali, bakin da ke nesa da ke ya sauka a ƙarshe, don in mai zai fantsama ya yi gaba. Ɗaya-ɗaya ko biyu. Ki ɗan danna shi da matsami daƙiƙa goma na farko, minti ɗaya kowane gefe. Yana fitowa ki tsane, ki shafa narkakkiyar bota sama-sama, ki barbaɗa sukari rabin kofi da aka haɗa da kirfa ƙaramin cokali 2. In kin jira ya huce sukarin ba zai kama ba. Mai son niƙaƙƙen sukari kuma akasin haka, ya jira minti biyu, in ba haka ba narkewa zai yi ya ɓace.

In baƙi sun yi sallama ba lokacin jiran yis, ki sa bekin foda ƙaramin cokali 4 a madadinsa, ki haɗa kawai ba tare da murza sosai ba, ki ba shi hutun minti 20. Yana yi, sai dai ba shi da ƙamshin mai yis, kuma yana saurin tauri. Duka biyun ba a ajiye su, ana soyawa ana ci.

Uwar Tagwaye, Jidda

Allah Ya biya ku duka. Saura abu ɗaya, Hajiya. In na yi suyar farko da yawa, zan iya ajiyewa na kwanaki? Kuma na ga wasu suna saka zabadi, wato yogot, ko kastad a kwaɓin, yana da amfani?

Hajiya Babba, Makka

Za ki iya. Ki bari su huce sarai a tire, ba a kan juna ba, ki saka tiren a firiza awa biyu su daskare ɗai-ɗai, sannan ki juye a leda ki matse iskar ki ɗaure. In kika zuba su a leda da ɗuminsu, gumi zai zama ƙanƙara a jikinsu, ita ce za ta yi ta harbi a mai. Na azumi guda suna kaiwa lafiya. Ranar da za ki soya ki fitar da su minti 15 kafin lokaci, ki goge duk wanda ya yi raɓa, ki fara da wuta matsakaiciya minti ɗaya don ciki ya saki, sannan ki ɗaga. A firji na ƙasa kuwa kwana ɗaya ne, bayan haka bushewa suke yi.

Ɗanyen kwaɓi shi ma yana kwana a firji, amma ki rage yis zuwa ƙaramin cokali 1, ki sa a roba mai girma don zai ci gaba da tashi a hankali, ki fitar da shi rabin awa kafin suya ki buga shi. Na kwana ɗaya ya ma fi ɗanɗano.

Kastad nasha ce da aka sa wa launi da ƙamshi, saboda haka ba ƙari ba ne a kan nasha, musanya ne: cokali 2 na wannan, 2 na wancan, jimla dai 4. Yana ba da rawaya mai kyau. Zabadi cokali 2 ba ya ɓata komai, yana kawo ɗan tsami mai daɗi da shira, amma ki rage ruwa daidai abin da kika zuba. Karon farko dai ki yi shi yadda na rubuta, da rabin awon, ba ƙari ba ragi, ki soya guda uku ki fasa ɗaya ki duba cikinsa kafin ki zuba sauran. In ciki ya yi ramuka manya, bango siriri, ki ci gaba. In ya yi cunkus, ki ƙara ruwa cokali biyu, ki buga, ki ba shi minti 10.